Wa zai gaya wa ɗan riƙo haƙƙinsa?

Da wuya ka shiga gida a Aboabo ko Asawase ko Sabon Zango, a nan Kumasi, ka ƙirga yaran da ke cin tuwo a kwano ɗaya ka tarar duk mai gidan ne ya haife su. Akwai ɗan ƙanensa da ya rasu, akwai 'yar da aka kawo daga Bawku ko Yendi don ta yi karatu, akwai agola, akwai wanda aka ba Hajiya tun yana yaye saboda Allah bai ba ta haihuwa ba. Binciken da hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta yi tare da UNICEF tsakanin 2017 da 2018 ya nuna kusan yaro ɗaya cikin shida a Ghana ba ya zaune da uwarsa ko ubansa, kuma mafi yawansu iyayensu suna raye. Riƙo tsohuwar al'adarmu ce. Malamai da 'yan kasuwa da yawa da ake ji da su a Kumasi a hannun wani suka tashi, kuma har gobe suna yi masa addu'a.

Saboda haka nake ganin ya kamata mu saurari wata irin doka da wasu ƙasashe suka yi a kan yaran riƙo. Abu biyu take nema. Na farko, a zauna da yaron a gaya masa haƙƙinsa baki da baki, da harshen da yake ji. Na biyu, a ba shi wani babba da zai tsaya masa, wanda ba shi ne mariƙinsa ba. Ra'ayina shi ne muna bukatar duka biyun, amma idan muka kwafo dokar yadda take a can, yaran Zango da suka fi bukatarta ba za ta kai gare su ba.

Doka dai muna da ita. Ghana ce ƙasa ta farko a duniya da ta tabbatar da Yarjejeniyar Haƙƙin Yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya, a watan Fabrairun 1990. Sashe na 28 na kundin tsarin mulkin 1992 ya yi maganar yara. A 1998 majalisa ta zartar da Dokar Yara mai lamba 560, wadda ta ce duk wanda bai kai shekara 18 ba yaro ne, kuma a duk maganar da ta shafe shi maslaharsa ce a gaba. Ta hana a tauye masa karatu da magani. Ta hana a tilasta masa baiko ko aure, ta kuma tsayar da shekarun aure a 18. A wajen aiki, ta yarda da aiki mara nauyi daga shekara 13, aikin albashi daga 15, aiki mai haɗari sai an kai 18, kuma ɗaukar kaya masu nauyi yana cikin ayyukan da ta lissafa a matsayin masu haɗari. Ta hana sa yaro aikin dare, daga ƙarfe takwas na dare zuwa shida na safe. Sashe na 11 kuwa cewa ya yi yaron da ya kai hankalin yin ra'ayi, kada a hana shi faɗin ra'ayinsa, a saurare shi, a sa shi cikin shawarar da ta shafi rayuwarsa gwargwadon shekarunsa.

To amma da wa dokar take magana? Kusan kowane sashe na haƙƙoƙin yana farawa ne da cewa kada wani mutum ya hana yaro kaza. Manya take gargaɗi, da Turanci, a cikin takardar da yawancin manyan ma ba su taɓa riƙewa ba. 'Yar shekara 13 da aka ɗauko daga arewa da alƙawarin makaranta, ta wayi gari tana dakon kaya a kasuwar Kejetia, ba ta san dokar ƙasa ta ambaci wannan aikin da sunansa ta kuma hana shi ba. Abin da ta sani shi ne an kawo ta, ana ciyar da ita, kuma an ce ta yi haƙuri. Sashe na 17 ya ɗora wa duk wanda ya san ana cutar da yaro ya sanar da Sashen Jin Daɗin Jama'a, waɗanda muke kira 'yan Soshal. Maƙwabta sun sani sarai, amma kowa yana cewa ba ya shiga sha'anin gidan wani. Ita da abin ya dama ba ta sani ba, waɗanda suka sani kuma sun kama bakinsu.

Irin wannan giɓin ne Amurka ta yi ƙoƙarin toshewa da dokar tarayya da Shugaba Obama ya sa wa hannu a watan Satumban 2014. Dokar ta ce duk yaron da ke hannun riƙon hukuma, da zarar ya kai shekara 14, dole a ba shi takarda mai bayanin haƙƙinsa game da karatu, da lafiya, da ziyarar danginsa, da halartar zaman kotu a kan maganarsa, da zama cikin aminci ba tare da an ci da guminsa ba. Yaron zai sa hannu cewa an ba shi takardar kuma an yi masa bayaninta daidai da hankalinsa. Haka kuma, idan za a tsara makomarsa, yana da ikon zaɓo mutum biyu da kansa su zauna a wurin, waɗanda ba mariƙinsa ba ne kuma ba ma'aikacin da ke kula da fayil ɗinsa ba. Jihar Kalifoniya ta riga tarayya: tun 2001 ta tattara haƙƙoƙin yaran riƙo a jeri ɗaya cikin dokarta, ta wajabta wa ma'aikaci ya maimaita wa yaro su aƙalla duk wata shida, kuma tana da ofishi na musamman da yaro zai kira ya kai kuka.

Maimaitawar nan ta fi sa hannun muhimmanci a ganina. Yaron da aka raba da gidansu jiya, aka miƙa masa takarda yau, zai sa hannu a kan komai don a ƙyale shi. Abin da aka gaya masa ranar da yake kuka ba ya zama. Sai ya zauna a gidan ya ga yadda ake tafiyar da shi, sannan maganar za ta yi masa ma'ana, kuma abin da ɗan shekara 9 yake bukatar ya sani daban yake da na ɗan shekara 16.

Batun mai tsaya masa kuwa, dalilinsa a fili yake. Ma'aikacin da ya zaɓi gidan, ya kai yaron, ya rubuta rahoto cewa gidan ya dace, idan yaron ya yi ƙorafi, to zaɓinsa ake ƙorafi a kai. Ko mutumin kirki ne, zuciyarsa za ta so a ce komai lafiya. A 1977 wani alƙali a birnin Siyatal mai suna David Soukup ya ga yana yanke hukunci a kan makomar yara ba tare da isasshen bayani ba, sai ya fara naɗa 'yan sa-kai da aka horar, kowanne ya bi yaro ɗaya ko 'yan gida ɗaya, ya ziyarce su, ya dawo ya gaya wa kotu abin da ya gani. Tsarin ya bazu zuwa kusan dukkan jihohin Amurka. Ingila kuma, da gyaran da ta yi wa dokar yaranta a 2002, ta wajabta wa ƙananan hukumomi su samar wa yaron da ke hannunsu wanda zai taya shi magana idan yana son kai ƙorafi.

Duk waɗannan dokoki na yaran da hukuma ta karɓa ne ta hannun kotu. A nan ne lissafinmu ya sha bamban. Ghana ta fara gyaran tsarin kula da yara a 2007, da nufin rage tara su a gidajen marayu a mai da su cikin iyali. Binciken ɗan jarida Anas Aremeyaw Anas a gidan yara na Osu a 2010 ya tayar wa mutane da hankali a kan abin da ke iya faruwa a bayan katanga. A 2016 aka yi wa Dokar Yara gyara da doka mai lamba 937, a 2018 kuma aka fitar da ƙa'idojin riƙo, waɗanda suka tsara yadda za a tantance mai son riƙo, a horar da shi, a ba shi lasisi, kwamitin jiha ya amince kafin a kai masa yaro. Binciken 2019 ya sami yara sama da 3,500 a gidajen marayu 139. Ka ajiye wannan adadin kusa da ɗaya cikin shidan nan, wanda a ƙasar da ƙidayar 2021 ta ba mutum miliyan 30.8 ya tasam ma yara miliyan biyu. Waɗannan ba su da fayil, babu alƙalin da ya san da su, babu ma'aikacin da zai ziyarce su. Magana ce aka ƙulla tsakanin Yaya da ƙanwarta, ko tsakanin Malam da wani almajirinsa na dā, aka sa yaro a mota.

Ingila ta gamu da irin riƙonmu ta hanya mai ciwo. Victoria Climbié 'yar Kodebuwa ce, iyayenta suka ba gwaggon mahaifinta ita don ta yi karatu a Turai, kamar yadda kowane iyaye a nan za su yi da murna. Ta rasu a Landan a watan Fabrairun 2000 tana da shekara 8, bayan azabar da gwaggon da saurayinta suka gana mata. Asibitoci sun gan ta, 'yan sanda sun gan ta, ma'aikatan jin daɗin jama'a sun gan ta. Binciken da gwamnati ta sa Lord Laming ya jagoranta, wanda ya fito a 2003, ya nuna an yi ta sauraron babbar da ta kawo ta, ita yarinyar mai jin Faransanci ba a zauna da ita yadda ya kamata ba, har ya ba da shawarar a riƙa nemo tafinta ga yaron da Turanci ba harshensa ba ne. A dokar Ingila, wanda ba dangi na kusa ba idan zai riƙe yaro ɗan ƙasa da shekara 16 na kwana 28 ko fiye, dole ya sanar da hukuma, kuma bayan rasuwar Victoria an ƙara ƙarfafa wannan.

Ba na goyon bayan a ce duk kakar da jikanta ya dawo wurinta sai ta je ofis ta cike takarda. Ma'aikatan Soshal ba su da yawan da za su bi gidaje miliyan, kuma tilastawa za ta sa mutane su ɓoye yaran, abin da ya fi haɗari. Amma yaron da aka ɗauko daga wata jiha zuwa hannun wanda ba kakarsa ba, ba gwaggonsa ko kawunsa ba, ya kamata wani a wajen gidan ya san sunansa, ya san wanda ya kawo shi, ya san alƙawarin da aka yi wa iyayensa.

Na san abin da za a ce, kuma masu faɗinsa ba azzalumai ba ne. Hajiya za ta ce: «Ni na riƙe ta tun tana shekara biyar, na yi mata wanka, na yi jinyarta, yau za a koya mata ta kai ni ƙara?» Alhaji zai ce idan aka buɗe wannan ƙofar babu wanda zai sake karɓar ɗan wani. Tsoron yana da tushe. Riƙo a wurinmu kyauta ake yinsa, don zumunci da neman lada, kuma wanda ya yi alheri aka bi shi da tuhuma zai janye hannunsa. Dokar da za ta shigo Zango tana kallon kowane mariƙi a matsayin wanda ake zargi ta mutu tun kafin ta fara. Ita kanta Yarjejeniyar Afirka ta haƙƙin yara ta 1990 ta yi la'akari da wannan, domin sashenta na 31 ya ɗora wa yaro girmama iyaye da manya da taimakonsu. Babu laifi a koya wa yaro haƙƙinsa da nauyin da ke kansa a zama ɗaya.

Sai dai a addininmu sanin haƙƙi bai taɓa zama rashin kunya ba. Aya ta shida ta Suratun Nisa'i ta umurci mai riƙon maraya ya riƙa jarraba shi har ya balaga, idan ya ga shiriya a tare da shi ya miƙa masa dukiyarsa, kuma ya kafa shaidu lokacin miƙawar. Ana jarraba yaro ne a kan abin da aka koya masa, kuma shaidu mutanen waje ne da za su iya tsaya masa gobe. Aya ta goma ta kwatanta cin dukiyar maraya da cin wuta. Duk muna jin waɗannan ayoyin a tafsirin azumi. Amma sau nawa aka zaunar da ɗan shekara 12 aka ce masa, mahaifinka ya bar ɗaki biyu a gidan gado da rumfa a kasuwa, rabonka kaza ne, yana hannun Baba wane, ga waɗanda suka shaida? Yawanci sai ya girma, ya ji a bakin wata tsohuwa, lokacin an sayar da rumfar, an ce kuɗin a ciyar da shi suka tafi, kuma babu takarda ko ɗaya. Wani lokaci gaskiya ne a kansa aka kashe su. Rashin shaida ne yake sa ba za a taɓa sani ba, sai zumunci ya lalace a kan zato. Sashe na 7 na Dokar Yara ya hana a hana yaro rabo mai ma'ana daga abin da iyayensa suka bari. Shari'a da dokar ƙasa sun haɗu a nan, kuma gaya wa yaron tun da wuri kariya ce ga mariƙi mai gaskiya.

Haka batun suna. Suratul Ahzab ta ce a kira su da sunan ubanninsu. Mariƙi da kyakkyawar niyya yakan rubuta yaro a makaranta da sunansa don kada ya ji shi bare ne. Shekaru su wuce, takardar jarrabawa ta fito da suna ɗaya, takardar haihuwa, in ma akwai ta, da wani. Mu 'yan Zango da ake yawan tambayarmu asalin kakanni a wajen neman takardun ƙasa mun san abin da wannan saɓanin yake jawowa. Dokar Amurka ta 2014 ta ce matashin da zai fita daga riƙo bayan ya kai 18 a sallame shi da takardar haihuwarsa da bayanan lafiyarsa da katin shaida. Ingila a 2017 ta tsawaita taimakon mai ba matashi shawara har zuwa shekara 25. A nan, umarnin kulawa da kotun iyali take bayarwa ba ya wuce shekara uku, kuma yana ƙarewa ranar da yaro ya cika 18. Mafi ƙarancin abin da ya kamata ya fita da shi shi ne takardar haihuwa, da Ghana Card, da katin inshorar lafiya mai rai, da sanin garinsu da sunayen danginsa.

Wa zai tsaya masa a Zango? A dā akwai amsa. In yaro yana hannun dangin uba, kawunsa yakan leƙo, ya kira shi gefe ya tambaye shi, ya duba jikinsa, kuma in ya ga riƙon sakainar kashi ake yi masa yana da bakin magana. Tazara da tsadar mota da neman abinci sun raunana wannan. Dokar Yara ta tanadi wani abu mai kama da shi: kwamitin yara a kowace gunduma, mai ɗauke da wakilin sarakuna, da wakiliyar ƙungiyar mata, da ma'aikacin Soshal a matsayin magatakarda, da mutum biyu masu mutunci daga cikin al'umma, aikinsu sulhu a kan haƙƙin yaro da nauyin iyaye, kuma dole su bar yaron ya yi magana. A gundumomi da yawa kwamitin bai taɓa tsayawa da ƙafafunsa ba saboda rashin kuɗin zama. Majalisar Asokore Mampong, wadda Aboabo da Asawase suke ƙarƙashinta, ba ta bukatar sabuwar doka kafin ta ba irin wannan kwamiti ƙarfi. Abin da sabuwar doka za ta ƙara shi ne ta ambaci wanda nauyin sanar da yaro yake wuyansa, da lokacin da zai yi, da harshen da zai yi da shi, ko Hausa ko Twi ko Dagbani ko Kusaal, ta kuma ware kuɗinsa. Makaranta ita ce wuri mafi sauƙi, ta boko da ta allo duka, domin a can za a gaya wa yara gaba ɗaya ba tare da an nuna ɗan riƙo da yatsa ba. Makarantun da ke ƙarƙashin Sashen Ilimin Islamiyya suna da malaman da iyaye suka yarda da su. Waɗanda ba sa zuwa makaranta kuwa, sai a bi su ta hannun magajiyoyin kasuwa da masu koyar da sana'a a Suame da shagunan ɗinki. A tsara darasin tare da matasan da suka tashi a riƙo, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Sulhu yana da iyaka, kuma dole a gaya wa yaro iyakar. Hana makaranta, yawan aiki, riƙe gado, duk ana iya zama a kansu gaban Sarkin Zango ko liman ko kwamiti, in ya gagara a je CHRAJ, hukumar kare haƙƙin ɗan Adam, ko Hukumar Taimakon Shari'a. Lalata da yarinya 'yar ƙasa da shekara 16 laifi ne da dokar manyan laifuka ta yanke wa ɗaurin shekara 7 zuwa 25, wurinsa DOVVSU ne, sashen 'yan sanda mai kula da cin zarafi a cikin gida. Rufa wa dattijo asiri a irin wannan, a mayar da yarinya gidan, cin amana ne, kuma mai tsaya wa yaro da zai yarda da haka bai cancanci aikin ba.

Akwai tambayar da yaro zai yi kafin ya buɗe baki, ko da an karanta masa haƙƙinsa sau goma: idan na faɗa, ina zan kwana yau? Doka ta ba ma'aikaci ikon ɗauke yaro zuwa wuri mai aminci na kwana bakwai kafin a kai maganar kotun iyali. In babu iyali mai lasisi da zai karɓe shi, gidan marayu za a kai shi, mai yiwuwa inda babu mai jin harshensa ko mai tashinsa sallar asuba, alhali sashe na 20 na Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya, wanda ya ambaci kafala, wato riƙo irin na Musulunci, da sunanta, ya ce a kula da addinin yaro da harshensa wajen zaɓa masa gida. Yaron da ya san haka zai gwammace dukan da ya saba da shi. Dokar 1998 ta buɗe ƙofar riƙo ga mai mutunci da ya haura shekara 21, kuma ofishin Soshal na gunduma ne yake karɓar sunaye. Gidajen Zango da suka riƙe 'ya'yan mutane shekara da shekaru ba tare da takarda ba su ne suka fi cancanta su je su yi rajista, su karɓi horon, don ranar da wata yarinya a Aboabo ta yi magana a sami gida a Aboabo da za a kai ta.